Idan Na'ura Biyu Suka Yi Da'awar Adireshi Ɗaya: Jagorar Warware Karon Memori a Kanel ɗin Linux

Kusan duk wanda ya fara rubuta direba a kanel ɗin Linux sai ya ci karo da lamba -16. Ya haɗa direbansa, ya loda, sai dmesg ya ce masa "can't request region for resource", a ƙasa kuma "failed with error -16". Lambar nan ita ce EBUSY, wato wani ya riga ka kama wurin. Abin da nake ta gani a hannun masu koyo, wanda kuma ya sa na zauna rubuta wannan jagora, shi ne su goge layin request_mem_region su kira ioremap kai tsaye. Direba ya tashi, na'ura ta amsa, a ce an gyara. Wasu kuma su kwaso acpi_enforce_resources=lax ko pci=nocrs daga intanet su zuba a layin umarnin kanel, ba su san me suka kashe ba. Rikicin yana nan daram. Wata rana zai fito a matsayin kwamfutar da ke daskarewa ba gaira ba dalili, ko bayanan da suka lalace a faifai, kuma a ranar babu saƙon da zai nuna maka inda abin ya faro.

Kafin a shiga aiki, a fahimci abu guda. Kama yanki a kanel ba ya kulle komai a cikin hadwaya. Kamar takardar fili ce a ofishin filaye: tana nuna sunan mai wuri da iyakarsa, amma ba ta gina katanga. Wanda bai je ofis ba zai iya zuwa ya zuba bulo, kuma ioremap ba ta neman takarda. Amfanin rajistar shi ne, idan kowa ya bi ta ofis, za a gano mutum biyu sun riƙe fili ɗaya tun kafin a fara haƙa tushe.

Kundin da ake rubuta wannan da'awa yana cikin kernel/resource.c. Kowane yanki struct resource ne mai start, end, suna, tutoci, da mahaɗai zuwa uwa, ɗan'uwa da ɗa. Saiwa biyu ce: iomem_resource ta adireshin memori, da ioport_resource ta tashoshin I/O. Sai dai ba shi kaɗai ne kundi ba. Kafin shi akwai taswirar da famwaya ke miƙa wa kanel, E820 ko taswirar EFI a kan x86, bishiyar na'urori a kan yawancin allunan ARM. Akwai kuma memblock, mai rabon memori a farkon tashi, kafin babban mai rabo ya kama aiki. Rabin wahalar wannan aiki ita ce sanin a wane kundi cikin ukun nan aka yi karon.

Kayan aiki

Kana buƙatar ikon root a kan injin. Kana buƙatar tushen kanel na ainihin sigar da ke gudana, domin kalmomin saƙonni da halin ayyuka suna canzawa daga siga zuwa siga. Sai lspci, sai dtc idan allon na bishiyar na'urori ne, sai acpidump da iasl idan na ACPI ne. Ka nemo littafin cip ɗin daga kamfanin da ya ƙera shi, musamman babin taswirar adireshi. Ka tanadi kebul ɗin siriyal da kanel ɗin da ka tabbata yana tashi, domin kuskure a wannan fanni kan kashe injin tun kafin allo ya haska. A ƙarshe QEMU, don gwaji ba tare da ka jefa injin gaske cikin haɗari ba.

Mataki na 1: Kwashe shaida kafin ka taɓa komai

Adana dmesg gaba ɗaya tun daga layin farko, da /proc/iomem, da /proc/ioports, da /proc/cmdline, da abin da lspci -vv ya fitar. Dalilin adana su yanzu shi ne, da zarar ka canza abu ɗaya kanel zai iya sake rabon adireshi, ka rasa hoton da za ka gwada da shi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne karanta /proc/iomem ba da ikon root ba. Tun Linux 4.6 na shekarar 2016, wanda ba shi da iko sifili kawai yake gani a kowane layi, saboda tsaro. Na biyu, a allon ARM kada ka dogara da fayil ɗin .dts da ke cikin tushen kanel. U-Boot da sauran masu tada injin suna gyara bishiyar kafin su miƙa ta, su ƙara yankuna, su canza girman memori. Wadda kanel ya karɓa da gaske tana /sys/firmware/devicetree/base, kuma dtc -I fs -O dts zai mayar maka da ita rubutu.

Mataki na 2: Gano kundin da ya yi ƙorafi

Kowane kundi da irin muryarsa. "OVERLAP DETECTED!" daga drivers/of/of_reserved_mem.c yake fitowa, kuma yana nufin yankuna biyu a ƙarƙashin reserved-memory sun hau juna. "can't claim" tare da "address conflict with" na PCI ne, lokacin da adireshin da famwaya ta bai wa wata BAR ya faɗa kan na wani. "can't reserve" na direban PCI ne da ya zo kama BAR ɗinsa ya tarar da mai riƙe. "conflicts with OpRegion" na ACPI ne. "resource sanity check" kuma gargaɗi ne cewa wata ioremap ta ratsa iyakar yanki fiye da ɗaya.

Ba kowane saƙo ne abin tada hankali ba. Layukan "could not be reserved" da direban system ke bugawa game da na'urorin PNP0C02 yawanci ba su da illa: famwaya ce ta ambaci yankin da wani kundi ya riga ya rubuta. Masu koyo kan ɓata yini guda a kansu alhali matsalarsu tana can ƙasa.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne kundin da ba ya magana. Idan aka kira memblock_reserve sau biyu a kan wuri ɗaya, haɗe yankunan yake yi ya wuce, ba kuskure ba gargaɗi. Shi kansa "OVERLAP DETECTED!" bugawa kawai yake yi, kanel ya ci gaba da tashi da yankunan a haɗe. Don ganin abin da ke faruwa a wannan mataki, sa memblock=debug a layin umarni, kowane kira zai fito da adireshinsa da sunan mai kiran. A injin UEFI, efi=debug zai buga taswirar EFI ta asali, wadda ke da bayanin da ya ɓace bayan an juya ta zuwa E820.

Mataki na 3: Zana yankunan biyu da hannunka

Ɗauki takarda da biro. Rubuta farko da ƙarshen kowanne a lissafin heks, ɗaya a saman ɗaya. Kada ka yi wannan da ka, ido kan tsallake sifili ɗaya cikin takwas.

Fara da tarkon bayit ɗaya. A cikin struct resource, end shi ne adireshi na ƙarshe da ke cikin yankin, ba na farko da ke wajensa ba. Na'urar da ta fara a 0x10000000 mai girman 0x1000 tana ƙarewa a 0x10000fff. Wanda ya rubuta farko a tara da girma zai sami 0x10001000, ya ci bayit ɗaya daga gidan maƙwabci, kuma wannan bayit ɗin ya isa ya hana direban maƙwabcin tashi. Shi ya sa aka tanadi resource_size da DEFINE_RES_MEM, a bar musu lissafin. A bishiyar na'urori kuwa reg farko da girma yake ɗauka, ba farko da ƙarshe ba, kuma yawan lambobin da ke cikinsa ya dogara da #address-cells da #size-cells na uwar kullin. Idan uwar ta ce biyu-biyu ka rubuta ɗaya-ɗaya, girman da ka rubuta zai koma rabin adireshi. Ka kuma bi ranges har sama, domin adireshin da ke reg na bas ɗin ne, ba lallai ya zama wanda CPU ke gani ba.

Bayan lissafi ya daidaita, karon zai zama ɗaya cikin uku: yankunan daidai suke, ko ɗaya yana cikin ɗaya gaba ɗaya, ko kuma sun ciji gefen juna. Bambancin yana da muhimmanci, saboda bishiyar ta yarda da ɗa a cikin uwa, amma ba ta da hanyar rubuta cizon gefe. Idan request_mem_region ta ci karo da yankin da ba shi da tutar IORESOURCE_BUSY, kamar tagar gadar PCI, shiga cikinsa take yi ta nemi wuri a matsayin ɗa. Idan yankin na da tutar, ta dawo hannu wofi. Idan kuma abin da ka nema ya leƙa waje da iyakar uwar ko da bayit ɗaya ne, nan ma ta ƙi. Ita kuwa insert_resource, wadda aka yi domin famwaya da bas-bas masu bayyana yankuna, tana iya zama uwa ga waɗanda ta tarar a cikinta, amma cizon gefe ita ma ba ta karɓa. Lura cewa /proc/iomem yana nuna uwa da ɗa ta hanyar tura layi ciki, amma ba ya nuna tutar BUSY. Sai ka duba wanda ya rubuta yankin a tushen kanel.

Mataki na 4: Tantance wanda ke da gaskiya

A nan gizo yake saƙa. Kanel bai san gaskiyar hadwaya ba, abin da aka faɗa masa kawai ya sani, kuma masu faɗa masan sukan saɓa wa juna. A cikin E820 kanta dokar mai sauƙi ce: idan layi biyu suka hau juna, nau'in da lambarsa ta fi girma shi ke rinjaye, don haka yankin da aka keɓe, mai lamba 2, yana cinye RAM mai lamba 1. Asarar ɗan memori ta fi rubutu a kan abin da famwaya ke amfani da shi sauƙi. Amma idan saɓanin tsakanin kundi biyu ne, babu dokar da ke aiki a ko'ina.

Ga misali na gaske da ya kamata kowa ya sani. A shekarar 2010 aka sa wa Linux doka a kan x86 cewa in zai bai wa na'urar PCI adireshi, ya guji duk yankin da E820 ta ce an keɓe, ko da ACPI ta ce yankin yana cikin tagar gada. An yi haka ne saboda wasu injuna da famwayarsu ke ambaton taga mai ɗauke da rejistocin da ba na PCI ba. Dokar ta yi aiki shekaru, har aka zo kan kwamfutocin cinya irin Lenovo IdeaPad 3 15IIL05. A can E820 ta keɓe daga 0x4bc50000 zuwa 0xcfffffff. ACPI kuma ta ce tagar gadar PCI tana daga 0x65400000 zuwa 0xbfffffff. Zana su ka gani: tagar gaba ɗayanta tana cikin yankin da aka keɓe. Famwaya ba ta bai wa na'urar I2C da ke 00:15.0 adireshi ba, ta bar wa tsarin aiki. Na'urar bayit 4096 kacal take nema, amma da kanel ya cire yankin E820 daga tagar sai babu abin da ya saura. Saƙon shi ne "no space for", abin da mai kwamfuta ya gani kuwa shi ne faifan taɓawa ba ya motsi.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Facin farko na Hans de Goede, wanda ya daina kula E820 a sababbin injuna bisa shekarar BIOS, sai da aka janye shi saboda ya lalata barci da farkawa a wata ThinkPad X1 Carbon. A Linux 5.19 na 2022 aka kawo pci=use_e820 da pci=no_e820, da jerin injunan da aka keɓance, da dokar daina yanke taga ga BIOS na 2023 zuwa sama. Sai a 6.2 Bjorn Helgaas, mai kula da sashen PCI, ya taɓo tushen abin: babban yankin nan a taswirar EFI nau'insa EfiMemoryMappedIO ne, wanda aka juya shi ya zama keɓaɓɓe a E820, don haka aka riƙa cire manyan irinsa daga E820. Abin da nake so mai koyo ya ɗauka shi ne, amsar tana cikin taswirar EFI ta asali tun farko, kuma gyaran da ya warkar da injin ɗaya ya kwantar da wani.

Don haka ka tambayi littafin cip ɗin: me ke zaune a wannan adireshi da gaske? Sannan ka tambayi kowane mai da'awa daga ina ya samo lambarsa.

Mataki na 5: Zaɓi maganin da ya dace da cutar

Idan bayanin ne ba daidai ba, gyara bayanin. Kuskuren reg a bishiyar na'urori a can ake gyara shi, ba a cikin direba ba. Ka sani cewa na'urorin platform da aka ƙirƙira daga bishiyar ba a rubuta yankunansu a kundi sai direba ya nema, shi ya sa kulli biyu masu karo kan zauna lafiya har ranar da aka kunna direba na biyu.

Idan direba biyu ne ke buƙatar rejistoci ɗaya da gaske, kamar tubalin da ke sarrafa agogo da fil-fil da sake tada sassa duk a wuri guda, to mai gida ɗaya za a naɗa. Bayyana tubalin a matsayin syscon, kowa ya shiga ta regmap da syscon_regmap_lookup_by_phandle, ko ka rubuta direban MFD ya zama uwa. Dalili shi ne kulle. Canza bit ɗaya a rejista karatu ne, gyara, sannan rubutu. Idan direbobi biyu suka yi haka lokaci guda, kowanne da taswirarsa, na biyu zai shafe aikin na farko, kuma ba kullum ba, sai jefi-jefi, irin kuskuren da ba ya maimaituwa a gaban mai bincike. Regmap ɗaya yana da kulle ɗaya.

Idan amfanin na karɓa-karɓa ne, kamar tashoshin Super I/O a 0x2e da 0x2f ko 0x4e da 0x4f, akwai request_muxed_region. Mai nema na biyu jira yake yi har na farko ya saki. Kama, yi aikinka, saki nan take.

Idan mai riƙon na wucin gadi ne, a sallame shi ta ƙofa. Hoton da kake gani a allo kafin direban zane ya tashi, efifb ko simplefb ne ke riƙe da shi a cikin BAR ɗin katin, kuma a /proc/iomem za ka iya ganin sunan BOOTFB. Direban gaske yana kiran aperture_remove_conflicting_pci_devices kafin ya kama wurin.

Idan da ACPI ake rikicin, a yi hattara sosai. Saƙon OpRegion yana nufin lambar AML ta famwaya tana taɓa waɗannan rejistoci da kanta, watakila don karanta zafi ko juya fanka. Yawancin irin waɗannan cip-cip da tasha biyu suke aiki, ɗaya ta zaɓen rejista, ɗaya ta bayani. Famwaya ta zaɓi rejista, direbanka ya kutso ya zaɓi wata, famwaya ta zuba bayaninta a inda ba ta nufa ba. Saboda haka ne tun 2.6.31 aka mayar da acpi_enforce_resources=strict ya zama na asali. Kwance teburin da iasl, nemo OperationRegion ɗin, ka ga ko akwai hanyar da ke amfani da shi. Sa lax ba tare da wannan bincike ba, a ganina, ganganci ne da injin mutane.

Idan kuwa RAM ce da wani ke amfani da ita a ɓoye, kamar TF-A ko OP-TEE ko wani ƙaramin furosesa a cikin cip, a keɓe ta a reserved-memory da no-map, domin kanel kada ma ya sa ta cikin taswirarsa. Ba a haɗa no-map da reusable a kulli ɗaya. A x86, memmap=64K$0x18690000 na nuna yadda ake keɓe yanki da hannu don gwaji. GRUB yana cinye alamar dala idan ba a kare ta ba, don haka duba /proc/cmdline ka tabbata abin da ka rubuta ne ya isa.

Mataki na 6: Kula da halin taswira

Ko kundi ya yarda, saura abu ɗaya. Wuri ɗaya da aka yi wa taswira biyu, ɗaya mai kash ɗaya marar kash, yana iya ba da amsa biyu mabambanta. A x86 PAT yana riƙe nasa lissafin, ana ganinsa a /sys/kernel/debug/x86/pat_memtype_list. A ARM kanel ƙin yi wa RAM ɗinsa ioremap yake yi. Abin da yake memori ne na gaske, memremap ake yi masa. A sabon direban platform, devm_platform_ioremap_resource tana ɗauko yankin, ta kama, ta yi taswira, ta kuma saki idan an cire direban, wanda ke kawar da -16 ɗin da ke fitowa a lodi na biyu saboda an manta release_mem_region.

Mataki na 7: Gwaji da miƙa faci

Ka fara koyon ganin karo a QEMU. Fitar da bishiyar injin virt na ARM da -machine virt,dumpdtb=virt.dtb, ka juya ta rubutu da dtc. RAM ɗinsa daga 0x40000000 take farawa. Ba shi gigabayit ɗaya, ka ƙara kulli biyu a reserved-memory, ɗaya a 0x60000000 ɗaya a 0x60100000, kowanne mai girman 0x200000. Tada shi da -dtb, ka nemo gargaɗin a dmesg, ka lura cewa injin ya tashi lafiya duk da haka.

A injin gaske, gwada /proc/iomem na da da na yanzu da diff, ka iya bayanin kowane layin da ya motsa. Loda direban ka cire shi sau da yawa. Juya tsarin lodin direbobin biyu, domin wani gyaran yana aiki ne kawai idan naka ya riga. Kashe injin gaba ɗaya ka kunna, sannan ka sake tada shi da ɗumi, ka sa shi barci ka tashe shi, ka gwada kexec idan ana amfani da crashkernel, tunda kowanne cikin waɗannan yana iya miƙa wa kanel taswira dabam.

Idan gyaran na injin ɗaya ne, ɗaure shi da DMI ko compatible na wannan allo kaɗai, kada ya shafi kowa. A bayanin facin ka sa layukan dmesg masu nuna yankunan biyu, sunan injin, sigar famwaya, da inda ka samo adireshin gaskiya. Gudanar da scripts/checkpatch.pl, sannan scripts/get_maintainer.pl ya ba ka sunayen waɗanda za ka aika wa. Idan canjin ya taɓa bishiyar na'urori, make dtbs_check ya wuce kafin ka tura.